Gona a Buɗe Take

Ranar da aka kai kakana makwancinsa, zauren gidanmu na Tsiga bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci. Mu mata muna cikin gida, amma katangar zauren ba ta da kauri, duk abin da maza suke faɗa yana iso mu. Na ji wani yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam, ai shi ne ya sa aka ba jikarsa lambar yabon nan ta ƙasar waje." Wani kuma ya amsa masa ƙasa-ƙasa, "Ni kuwa abin da na ji, shi ne ya so ya hana ta samu." Ina riƙe da carbi, idanuna sun kumbura, amma saura kaɗan in yi dariya, domin dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Ni ce jikar.

Gwaggo, 'yarsa ta fari, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinsa, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce "Da godiya," ta gyara mayafi. Sai da wata ta zo share tsakar gida ta ɗaga takalman robarsa na zuwa gona, busasshiyar laka tana manne da su, sannan Gwaggo ta ce, "Ajiye masa a nan," muryarta ta karye, aka rasa mai lallashin wani. Matan da muke aiki tare a Funtua suka zo cikin mota guda. Sun yi wanka sun sha ado irin na gaisuwa, amma ƙarƙashin faratansu baƙin gawayi yana nan, ba ya fita. Babbarsu ta ce wa Gwaggo, "Mu ma ubanmu ne ya tafi."

A rana ta uku Ardo ya zo. Shi ne dattijon rugar da ke bayan rafin garinmu, abokin kakana tun kafin a haifi mahaifina. Da ƙafa ya zo, sandarsa a kafaɗa. Na ji an ce da ya zauna a gefen tabarma wasu sun ɗan ja jiki, domin a shekarun nan zama tsakanin manomi da makiyayi ba kamar da ba ne. Ya yi addu'arsa, ya nemi a yi masa iso ya gai da Gwaggo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ɗan jima bai tafi ba, yana duban ƙasa kamar mai wata magana a baki. Bai faɗe ta ba, ya juya. Ni na san maganar, kuma saboda ita nake wannan rubutu, don kada 'ya'yanmu su tashi su ga wani gilashi a kan kanta su ɗauka ni ce na yi abin kirki.

Mu jikoki Tsoho muke ce masa. Gajere ne, mai saurin tafiya, da wata hula da ta daɗe da manta launinta. Da ƙuruciya ya yi aiki a gidan gurzar auduga a Funtua, wurin ɗaure dila, daga can ya samo tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu, da kuma 'yan kalmomin Turanci da yake ajiyewa sai ranar da ya so ba mutum kunya. Bai taɓa cewa auduga ba, kaɗa yake cewa. Ni kuwa amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, kullum yana barazanar zai sake ni don tuwona yana gudaji. Ni kuma in ce ya fara sayo haƙora tukuna, sannan mu yi maganar tuwo.

In ya shiga gona, kowace gona, sai ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya murje ta a tafin hannu, ya shinshina. In manomi ya zo yana yi masa burgar buhunan da ya samu bana, sai ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "To, madalla, ka kwashe. Mi ka bar mata?" Mutane da yawa ba sa son wannan tambayar. Ni ma daga baya na shiga cikinsu.

Abin da shi yake bar wa tasa gonar kowa ya sani. In an gama girbin dawa da masara, ba ya barin a taɓa kara. Sai Ardo ya zo shi kaɗai, ya yi sallama a ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gona, su gaisa gaisuwa mai tsawo, su tambayi lafiyar mutane da ta dabbobi. Ardo ba ya roƙo, Tsoho ba ya jira a roƙe shi. In gaisuwa ta ƙare sai ya ce, "Gona a buɗe take." Shi ke nan. Shanu su shigo su yi makonni suna cin kara da harawa, suna kwana a wurin, su bar masa taki. Haka uban Ardo ya yi da uban Tsoho. Da zamani ya lalace, maƙwabtanmu na gona suka daina, wasu suka koma cinna wa karansu wuta don kada shanu su sami dalilin zuwa. An yi ta zuwa ana ba Tsoho shawara, har da masu cewa yana jawo wa gari abin da ya fi ƙarfinsa. Amsarsa ɗaya ce: "Na san mutumin, na san ubansa. Ku wa kuka sani?"

Itacen auduga ne kawai yake ƙonawa. Na gama karatu na dawo gida, na zauna ba aiki har na fara jin haushin kowa. Wata rana da hantsi na kai masa fura gona, na tarar ya tara itacen auduga tsibi-tsibi yana sa wuta. Na ce, "Tsoho, kai da kake hana ƙona kara?" Ya ce wannan daban ne. Shanu sun cinye ganyen, itacen kuwa babu mai ci, kuma in aka bar shi tsutsa takan kwana a ciki ta cinye kaɗar baɗi. Tun zamanin da malaman gona suke yawo a kan keke haka aka koya musu, a tuge a ƙone. Na tsaya ina kallon hayaƙin yana tafiya a banza, sai na tuna a makaranta an taɓa nuna mana yadda ake mai da irin wannan itace gawayi: a turara shi a cikin duro ba tare da iska ta shiga sosai ba, a niƙa, a kwaɓa da sitacin rogo, a cura, a shanya. Na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Amarya, in ma ƙarya kike, ƙaryar ta yi daɗi."

Washegari ya juye waken da yake ajiya a duro biyu ya ba ni durorin, ya nuna mini kusurwar gona ya ce in yi ɓarnata a can. Gawayin farko da na yi, in ka ɗaga shi sai ya ruguje a hannu. Duk da haka Tsoho ya sa Gwaggo ta yi girki da shi. Tuwon ya fito yana warin hayaƙi, kowa ya ture kwano, shi kuwa ya cinye nasa tas ya ce, "Na ci wanda ya fi wannan muni daga hannunki." Ban san wata kalmar ƙarfafa gwiwa da ta taɓa yi mini amfani kamar wannan ba.

A hankali abin ya kankama. Yayana ya bar aikin da yake yi ya shigo, muka sami fili a gefen Funtua, muka sayi injin curawa, muka ɗauki mata aiki. Masu shayi da masu tsire suka fara saye, sai matan aure da hayaƙin icce ya dama musu ido. Muka yi rajistar kamfani. Ni da ba ni da aikin yi na zama mai sa hannu a takarda, kuma in faɗi gaskiya kaina ya ɗan kumbura.

Yaya ne ya gano maganar lambar yabon a waya. Wata gasa ce da ake yi wa kamfanonin ƙasashe masu tasowa, ana neman waɗanda suka ƙirƙiro sabon abu, suke samar wa mutane abin yi, kuma sana'arsu ba ta cutar da ƙasa. Na ce ai mu aka kwatanta, mu da muke hana sare itatuwa. Muka cike takardu da Turancin da ya kusa fasa mana kai, muka tura, muka manta. Sai ga saƙo cewa mun shiga cikin waɗanda aka tace, kuma za a turo mutum ya zo ya ga aikinmu da idonsa bayan girbi.

Nan hankalina ya tashi. Noman auduga ya ja baya a yankinmu, itacen da muke samu ba ya cika ko rabin filinmu. Ni kuwa so nake baƙon nan ya shigo ya ga tsibi har sama, ya ga durori duka suna hayaƙi. Na ce wa Yaya, ga karan dawa da na masara nan ko'ina a zube, shi ma yana yin gawayi, me muke jira? Mu fara da gonar gida, in mutane suka ga Tsoho ya bayar kowa zai bayar. Ban tambayi Tsoho ba. A raina na ce gonar kakana ce, wa zan tambaya?

Da safe muka iso da motar ɗaukar kaya da 'yan ƙwadago. Daga nesa na hango wani farin abu a tsakiyar hanyar shiga gona. Kujerarsa ce ta roba, wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, shi kuma yana kai, rediyo a cinya.

Na sauko na ce, "Tsoho, ina kwana? Ka ɗan matsa mota za ta shiga."

Ya ce, "Ta shiga ta yi mi?"

"Kara za mu kwashe. Baƙo zai zo daga masu lambar nan."

"Shanun Ardo ba su zo ba tukuna."

"Shanun Ardo ne za su ba ni lambar?"

"A'a. Gonar za su ba abinci."

Na ce, "Haba Tsoho, kara ne fa, shara ce!"

Ya rage muryar rediyo ya ce, "Shara a wurin wa? Saurara ki ji. In kin kwashe tawa, gobe kowa zai ba ki tasa, don kin zo da mota. Bana su ji daɗi. Baɗi shanu su fito ba abin ci, su faɗa wa wanda bai gama girbi ba, a zub da jini. Shekara ta gaba ƙasa ta yi fari fat. Ke kin ce ba ki sare itace, to. Gonar fa, mi kika bar mata?"

Ina da baki, kowa a gidanmu ya sani, kuma ranar bakin ya kai ni inda har yau nake jin kunya. A gaban 'yan ƙwadago na ce masa zamaninsu ya wuce, duniya ta ci gaba, shi yana nan yana gadin kashin shanu. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da na yi wayo, ya ce, "Juya da motarki." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Muka juya.

Na yi fiye da mako ban taka Tsiga ba. Ina Funtua ina cika ina batsewa, ina gaya wa duk mai saurare cewa tsohon nan zai sa mu rasa abin da ba ya zuwa sau biyu. Kuma da gaske nake jin tsoron haka, domin lambar ba gilashi kawai ba ce, tana zuwa da horo da kayan aiki da masu saye, abin da zai sa matan nan su yi aiki shekara cur maimakon wata huɗu. Sai ga Gwaggo ta zo har wurin aiki, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Kin san inda kakanki yake yini?"

Na ce ban sani ba.

"A bayan babur ɗin yayanki. Tun ranar da kika zage shi. Mutum da tarinsa, yana bin masu injin casar masara da masu gyaran shinkafa ƙauye-ƙauye, yana roƙar miki totuwa da ɓuntu."

Na juya na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai ya ce Tsoho ne ya hana shi faɗa. Ashe duk inda aka casa masara, totuwar da mata suka ɗiba suka bari tsibi take yi a bakin hanya har a cinna mata wuta, haka ma ɓuntun shinkafa. Shanu ba sa ci, gona ba ta jiran su. Tsoho ya san kowane mai inji, ko ya san ubansa, kuma babu wanda ya iya ce masa a'a.

Da la'asar na sayi ayaba, abin da haƙoransa suke iyawa, na tafi. Na same shi a zaure, na durƙusa, sai hawaye. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya jawo ledar ya leƙa ya ce, "Ikon Allah. Amarya ta yi yaji ta dawo da kanta, ko biko ban je ba." Maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba, sai rana ɗaya, kuma a gaban baƙuwa.

Domin mace aka turo, 'yar wata ƙasa ta gabashin Afirka, ba ta jin Hausa, da takalmin shiga gona da ɗan littafi. Filinmu bai cika ba. Totuwar ta taimaka, amma ba mu gama gane yadda ake turara ta ba, rabin durorin a kife suke. Ina ta ba da haƙuri ina kame-kame, ita kuwa ko a jikinta. Ta duba inji, ta yi hira da mata, sannan ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba: in kamfanin nan ya girma sosai, daga ina za mu riƙa samo abin ƙonawa, kuma wa zai rasa shi in mun ɗauka? Na fara wani dogon Turanci. Ta ce in kai ta gonar da muka fara.

Ban so ba, amma babu yadda zan yi. Muka iso muka tarar gonar cike da shanu, Tsoho da Ardo suna zaune a gindin ɗorawa da ƙwaryar nono a tsakaninsu. Baƙuwar ta tambayi me ya sa ga kara ko'ina ba mu kwashe ba, alhali filinmu ba kaya. Ni ce tafinta. Tsoho ya gyara zama, na ga idonsa yana ƙyalli, na san na shiga uku.

Ya ce, "Gaya mata matar nan tawa ta zo da mota za ta yi wa gonata tsirara, na kore ta."

Na juya na ce wa baƙuwar, a Turance, mun tattauna a cikin iyali mun ga ya fi kyau a bar karan.

Tsoho ya ce, "A'a. Ban ji mota a ciki ba. Ki faɗa mata daidai, na yi aiki da Turawa."

Haka na tsaya a tsakiyar kashin shanu ina fassara laifina da bakina, jimla bayan jimla, har da maganar da na gaya masa a gaban 'yan ƙwadago, don sai da ya tabbatar na saka ta. Baƙuwar ta yi dariya har ta dafa itace, amma hannunta bai daina rubutu ba. Ta sa ya bayyana mata abin da ake ɗauka da abin da ake bari, da dalilin kowanne. Ta tambayi Ardo shi me ya gani. Ardo ya ce, "Inda aka bar mana kara, ba mu da dalilin shiga inda ba a bar mana ba." Tsoho ya damƙi ƙasa ya zuba mata a hannu, ya damƙo ta gonar maƙwabci ta ƙetaren iyaka ya zuba mata a ɗaya hannun. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

Na koma gida ranar na tabbata mun faɗi. Bayan wata biyu saƙo ya zo cewa muna cikin waɗanda aka zaɓa a rukunin ƙananan kamfanoni. Ba don yawan gawayinmu ba, akwai waɗanda suka fi mu nesa ba kusa ba. Abin da suka ambata shi ne mun san abin da ba za mu ɗauka ba. Na hau jirgin sama karo na farko, na zauna a babban ɗaki tare da masu famfon ban ruwa na hasken rana da masu mai da robar shara tubali, mutane masu kai, na koyi abubuwa da yawa a wurinsu. Da aka kira sunan kamfaninmu ana tafi, abin da ke raina kawai shi ne mai lambar yana Tsiga a kan kujerar roba yana sauraren labaran rana.

Na kawo masa ita. Ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa da farce ya ce, "Gilashi. Ko gawayi ba za a yi da ita ba." Sannan ya ce a kai wa Ardo ya gani, rabinta na shanunsa ne. Yaya ya ɗauke ta a babur har ruga, aka dawo da ita da ɗan maiƙon man shanu a gefe, Tsoho ya hana a goge. Amma na kama shi sau biyu yana nuna wa baƙi ita, yana cewa, "Amaryata ce ta ciwo, da taimakon wani tsoho."

Da damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, tarin nan ya kwantar da shi. Kwana kaɗan ya yi. Na yi ta jira ya yi mini wasiyya a kan gonar, ya ɗaure ni da magana yadda zan ce wa kowa ba ni da zaɓi. Bai yi ba. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne in rage gishiri a miya.

Wannan ita ce maganar da Ardo ya tsaya da ita a bakin ƙofa ranar ta'aziyya: wa zai tambaya bana, kuma me za a ce masa?

Amsar ba ta zo da sauƙi ba. Saboda lambar, wani babban mai saye daga Kaduna ya nemi kaya masu yawa, fiye da abin da itacen auduga da totuwa da ɓuntu za su ba mu. Yaya ya ce, kuma ba maganar banza ya yi ba, in muka haɗa da kara sau ɗaya kawai za mu cika, matan nan su sami aikin shekara, daga baya mu koma kan ƙa'ida. Na kwana biyu ina juya abin. Babana, wanda gonar ta dawo hannunsa shi da Gwaggo, malamin makaranta ne, bai taɓa riƙe fartanya da son ransa ba. Ya ce, "Ku ne masu kamfani, ku yanke."

Bayan an gama girbi muka tafi gonar da safe mu huɗu, ni da Baba da Gwaggo da Yaya, wai mu duba yawan karan. Gwaggo ta fito da kujerar robar nan a ka. Babu wanda ya tambaye ta. Da muka isa ta dasa ta a tsakiyar hanyar shiga, daidai inda ya dasa ta, ta zauna ta ce, "Ni dai ƙafata ke ciwo." Karan yana tsaye fal gona, ya bushe, ya isa ya cika mota sau da yawa. Ina kallonsa ina auna shi da ido, ba zan ɓoye ba.

Sai muka ji sallama. Ardo ne, shi kaɗai, sanda a kafaɗa. Ya tsaya a gindin ɗorawa inda ya saba tsayawa. Ya gai da Baba, ya gai da Gwaggo, ya tambayi gida da yara da gajiyar girbi, aka tambaye shi mutanen ruga da dabbobi. Gaisuwa ta ƙare. Daga nan ne Tsoho yake karɓa, kuma babu Tsoho. Baba ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa, daga baya duk suka dube ni. Ban san lokacin da na duƙa na damƙi ƙasar ba. Tana da laushi, baƙa, da ɗan sanyi a ciki duk da rana ta fito.

Na ce, "Baffa, gona a buɗe take."

Ardo ya juya wajen rafi ya yi wani kira mai tsawo. Nan take muka ji motsi, sai ga ƙahoni suna ɓullowa daga bayan tudu, garken duka, da 'ya'yansa a baya. Ashe tun asuba suna tsaye a wurin.

Na ce, "Baffa, ashe ka taho da su. In da na ce a'a fa?"

Ya ce, "Da na mai da su. Amma na san jikar wa na zo gaisarwa."

Gwaggo ta tashi ta ɗauke kujerar daga hanya don shanu su wuce, ciwon ƙafar ya warke. Mun rubuta wa mutumin Kaduna cewa rabi za mu iya, ya karɓi rabin yana gunaguni. Matanmu ba su sami aikin shekara cur ba tukuna, kuma na san wannan a wuyana yake. Amma Yaya ya gane kan turara totuwa, manoma uku sun ce za su koma shuka auduga tunda itacenta ma yana da mai so, kuma maƙwabcin nan da aka zuba wa baƙuwa ƙasarsa a hannu bai cinna wa karansa wuta ba bana. Ya aiko yana tambaya ko shanun za su iya ƙetarawa wajensa in sun gama da tamu.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na gaya masa a bakin gona. Ya sa ƙasar da ya kwanta a ciki ta yi masa laushi kamar wadda ya bar mana. Ranar na tsaya har saniya ta ƙarshe ta shige, sannan na buɗe hannuna na mai da ƙasar inda na ɗebo ta.